Neman Shawara: Me Ake Nufi da Kalmar "Nebulous"?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Malamin da ke duba kundin digirina na biyu ya rubuta "nebulous" da jan biro a gefen manufofin bincikena, bai ƙara ko harafi ba. Ƙamus ya ce abu ne mai hazo, amma ban ga abin da ya haɗa hazo da rubutuna ba. Don Allah masana su taimaka mini da ma'anarta, da asalinta, da yadda zan gyara.

Wata malamar Turanci: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, asalinta daga Latin ne, inda "nebula" ke nufin hazo ko gajimare marar kauri, kuma da wannan ma'ana ta zahiri ta shigo Turanci a ƙarshen ƙarni na 14. Sai a ƙarni na 19 aka fara siffanta tunani ko zancen da ba a fayyace ba da ita. Jamusawa ma "Nebel" suke kiran hazo, tushensu ɗaya. Malaminka bai ce ka yi kuskure ba, cewa yake manufofin naka tamkar mutum ne da aka hango cikin hazon hunturu, ana ganin tsayuwarsa amma ba a shaida fuskarsa.

Wani memba: A da, masana taurari ma "nebula" suke kiran duk wani haske mai dishi-dishi a sama. Tun a shekarar 964 Abdurrahman al-Sufi ya siffanta Andromeda da ƙaramin gajimare, kuma sunan "nebula" ya bi ta har shekarun 1920, lokacin da Edwin Hubble ya tabbatar cewa tarin taurari ce mai zaman kanta. Na'urar "nebulizer" da ke mayar da maganin masu asma feshi ma daga nan ta samo suna.

Wani malamin jami'a: Kada ka rikita ta da "ambiguous", wadda ke nufin magana mai harshen damo, domin ita wannan ma'ana biyu take ɗauka, taka kuwa ko ɗaya ba ta tsaya ba. Idan ka rubuta cewa za ka nazarci matsalolin ilimi, ba ka faɗi komai ba tukuna. Ka ambaci matakin karatun, da ƙaramar hukumar, da shekarun da binciken zai shafa, da abin da za ka auna, sannan ka kai wa malaminka shafin manufofin kaɗai ya amince kafin ka taɓa sauran babi.