Abin da aka tattauna kan ƙarin ilimin ma'aikatan lafiya a Sakkwato

Ga abin da na tsinta daga doguwar muhawarar:

1. An yi ittifaƙi horo kada ya tsaya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A kai shi ƙananan asibitocin ƙauye, musamman kafin zafi, lokacin sanƙarau.

2. Hakimai da limamai su shigo tun farkon shiri. Da yawa sun tuna rawar da sarakuna suka taka har aka tabbatar da Najeriya ta rabu da nau'in shan-inna na asali a 2020.

3. Kan ungozoma aka rabu. Wasu sun ce a koya musu gane alamun haɗari su tura asibiti. Wasu na tsoron hakan ya ƙarfafa haihuwa a gida. Ni dai ina tare da na farko, don ungozoma ce mai naƙuda take fara kira da tsakar dare.