Tagwayen martensit na ƙara sirancewa duk sanda na matse raga, ina matsalar?

Ɗalibi_Marwa:
Assalamu alaikum malamai. Lissafin rikiɗar kiristal ne daga murabba'i zuwa mai tsawo, a shimfiɗe (fuska biyu), nau'in martensit 2 (martensit shi ne sabon fasalin da kiristal ɗin ke rikiɗa ya koma), da manhajar lissafi ta FEniCS. Makamashin yana da kwari biyu (wuraren da ya fi ƙanƙanta, ɗaya ga kowane nau'i), an daddanne gefuna huɗu. A raga 64×64 (ragar da ake rarraba yankin lissafi da ita) jere-jeren tagwaye, wato layukan nau'in biyu bi da bi, na fitowa da kyau. A 128×128 sai su ƙara yawa su sirance, a 256×256 haka ma. Lissafin ya ƙi tsayawa kan amsa ɗaya. Kuskuren kod ne?

Malam_Ngaundare:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kod ɗinka lafiya lau, lissafin ne ba shi da ma'aunin tsawo na kansa. Wannan shi ne abin da Ball da James suka nuna a 1987: makamashi mai kwari fiye da ɗaya, in babu kuɗin iyaka (makamashin da iyakar tagwaye ke ci), ba shi da mafi ƙanƙanta da za a kai gare shi. Kullum jere mafi siriri ya fi araha, don haka idon ragarka ne ke yanke faɗin tagwayen, ba ƙarfen ba.

Maganin: sa wa iyakar tagwaye farashi, wato ka ƙara makamashin gangara irin na Ginzburg-Landau, wanda ke ƙaruwa a inda fasalin ke canzawa farat ɗaya. Daga nan faɗin iyaka ya zama naka, kai ka zaɓe shi. Ka tabbata ido 4 zuwa 6 na raga sun faɗa cikin wannan faɗin. In ƙasa da haka ne iyakar za ta maƙale a layin raga ta ƙi motsi, kai kuwa ka zaci ta daidaita.

Gwaji mai sauƙi: ninka tsawon yankin sau 4, faɗin tagwayen ya kamata ya ninku kusan sau 2. Kusa da gefen da aka danne kuma ka sa ido ko suna rassa, kamar yadda Kohn da Müller suka lissafa. In ka ga rassan, alama ce mai kyau.

Malama_Garwa:
Na yarda da Malam, sai dai ƙanena ka duba kwana tukuna. Nau'in biyu ba sa haɗuwa ba tare da tsagewa ba sai a kan digiri 45. Ragar alwatika da aka yanka duk ta fuska ɗaya tana fifita ɗaya kwanan a kan ɗayan, sai ka samu tagwaye duk sun karkata gefe guda. Yi amfani da raga mai giciye, ko ka juya kiristal ɗin digiri 10 ka ga ko tsarin ya bi shi.

Ni dai a ganina FFT (hanyar Fourier mai sauri, mai rarraba lissafi zuwa igiyoyi) ta fi dacewa da ƙaramar kwamfuta, irin hanyar Wang da Khachaturyan ta 1997. NumPy, kunshin lissafi na Python, kaɗai ya isa. Takun lokaci na kai tsaye (explicit) yana bin murabba'in idon raga: ka raba ido biyu, dole ka raba taku huɗu, in ba haka ba lambobi su fashe. Hanyar Chen da Shen ta 1998 tana ɗauke wannan wahalar. Hattara da k = 0 (ɓangaren FFT mai riƙe da matsakaicin yankin duka), nan ne kake faɗa wa lissafin ko ƙarfen a danne yake ko a sake. A sake, nau'i ɗaya zai iya cinye yankin duka, tagwayen su ɓace. Kuma kada ka fara da sifili zalla, ostenit, wato fasalin kiristal na asali, ba zai motsa ba. Yayyafa ɗan hargitsi ko ka dasa ƙwaya.

Injiniya_Injamena:
In za ka koma fuska uku, 256 ta kowane gefe tana cin kusan megabait 134 a kowane jerin lambobi da lissafin ke riƙewa, kuma kubik zuwa tetaragonal nau'i 3 ne, NiTi (gamin nikel da titaniyam) kuwa 12. Riƙa adana sakamako duk taku 1000 saboda ɗauke wuta.

Wane ƙarfe ne ma? In irin wanda maƙera ke tsomawa a ruwa don wuƙa ta yi kaifi ne, lanƙwasa ta dindindin na shiga ciki, samfurin da Malam ya ba ka ba ya ganinta.