Wace waya ta dace da tafiya Chana?

Ɗan kasuwa, Agege: Assalamu alaikum. Zan je Guangzhou saro kaya, ina neman wayar da zan riƙa kira da duba imel. Wace iri zan saya?

Mai gyaran waya, Ikeja: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Ka nemi mai layi biyu wadda ba a kulle ta da wani kamfani ba, domin ka bar layinka na gida saboda saƙonnin banki, ka ƙara na can. A Computer Village, kasuwar wayoyi da ke Ikeja a Legas, ka sa layinka ka gwada kafin ka biya, domin iPhone 14 ta Amurka ba ta da gurbin sim.

Hajiya, Idi Araba: Gmail da WhatsApp a toshe suke a Chana, amma suna buɗewa idan kana amfani da datar layinka na Najeriya, sai dai da tsada.