Ta ina ake kama maganar gatan farar fata da Bature ba a yi baram-baram ba?

Ɗalibi a Ohayo:
Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka daɗe a Amurka ce. Da an ambaci gatan farar fata a aji ko wurin aiki, sai Bature ya murtuke ya ce ai shi ma ubansa talaka ne, da guminsa ya ci. Daga nan magana ta mutu. Ta ina ake kama ta?

Malamin Bronx:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kuskuren farko shi ne buɗe baki da kalmar gatan kanta. Shi yana ji sai ya ɗauka ka ce masa ɗan masu kuɗi ne, alhali abin nufi shi ne launin fatarsa bai ƙara masa wata wahala a kan wadda yake ciki ba. Ka amsa masa talaucin uban nasa tukuna, don gaskiya ce. Sannan ka kawo maganar gida.

A shekarun 1930 hukumar HOLC, wata hukumar bashin gida ta gwamnatin tarayyar Amurka, ta zana taswirar birane sama da 200, ta kasa unguwanni A, B, C da D. Ta shafa wa D jan launi, alamar cewa ba da bashin gida a can kasada ce, kuma yawancin unguwannin baƙar fata nan suka faɗa. Hukumar FHA mai lamunin bashin gida, da aka kafa a 1934, ta ƙi tsaya wa masu neman bashin gida a irin wuraren nan. Rukunin gidajen Levittown da aka fara ginawa a jihar New York a 1947, a takardar gidan aka rubuta cewa farare kaɗai za su zauna. Sai 1968 doka ta haramta wariya a harkar gidaje. To gida kuwa shi ake bar wa 'ya'ya gado. Ƙididdigar babban bankin Amurka ta 2022 ta nuna dukiyar matsakaicin iyalin farare ta kai dala 285,000, ta baƙar fata kusan 45,000.

Jami'ar Richmond ta sa taswirorin a intanet. Buɗe masa ta garinsu a waya, ka tambaye shi wace unguwa kakansa ya sayi gida, sai ka yi shiru.

Hajiya Shikago:
Malam ya gama magana, sai dai wuri ma yana da muhimmanci. Kada ka yi ta a taro, ɗana. Mutum a gaban jama'a mutuncinsa yake karewa, ba sauraronka yake ba. Ku biyu, a kan kofi, hujja ɗaya tak a zama ɗaya. In maganar aiki ce, akwai binciken da aka buga a 2004: an aika takardun neman aiki a Boston da Shikago, cancanta iri ɗaya, suna kawai aka sauya. Masu sunan farare irin Emily da Greg sun fi masu sunan baƙar fata irin su Lakisha da Jamal samun kira daga masu ɗaukar aiki da kashi 50 cikin 100. Kuma kada ka fara da bidiyon 'yan sanda, nan take zance zai koma siyasar jam'iyya.

Bazazzagi:
Akwai tarkon da ba ku faɗa ba. Zai ce maka, "To ku 'yan Najeriya ga ku likitoci da injiniyoyi, ina wariyar?" Kada daɗin yabo ya kwashe ka, don da kai ake son dukan baƙaƙen Amurka. Ƙofar da muka shigo ta cikinta dokar shige da fice ta 1965 ce, kuma gwagwarmayarsu ta share mata hanya. Sannan biza tana tace mutane: da yawanmu da digiri a hannu muka sauka, babu wanda ya shafa wa unguwar kakanninmu jan launi. A titi kuwa ba a tambayar fasfo. Amadou Diallo ɗan Gini ne, 'yan sanda suka harba masa harsashi 41 a ƙofar gidansu a Bronx ta birnin New York a 1999, ba shi da makami, walat ɗinsa ya zaro.

Ɗalibi a Ohayo:
Na gode ƙwarai. Malam, in garinsu ba ya cikin taswirar fa?

Malamin Bronx:
Ɗauki babban birnin da ya fi kusa da su. A Ohayo akwai ta Cleveland, Columbus da Toledo.