Wa ya taɓa tunanin ci gaba da labarin Fasih ɗan aku?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Tun bayan ƙaramar sallah nake karanta ma yarana Magana Jari Ce in an yi isha'i, na babanmu ne ma Allah ya jiƙansa, bangon duk ya fita sai da na sa gam na liƙe. Mun ƙare na uku shekaranjiya sai autar ta ce Mama to shi Fasih da babansa aku ya zauna ya koya masa magana, me ya yi da ita da ya girma? Wallahi na rasa amsa kuma abin ya ƙi fita raina har na fara rubutu a waya. Abin da nake so shi ne Fasih ya baro fada ya yi ta tafiya ya sauka kan wani rimi a cikin birnin Zariya wajen Ƙofar Doka a wannan zamanin namu, ya faɗa gidan wani yaro da abokai ke ja yawon dare, kullum in ya sa takalmi zai fita Fasih ya tsare shi da labari har asuba kamar yadda ubansa ya yi ma Musa ɗan sarki. To ya halatta in taɓa littafin manya haka? Kuma ku da za a rubuta me za ku so gani?

Ɗan Tudun Wada:
Wa alaikumus salam Hajiya, ki rubuta kawai. Ai shi kansa Alhaji Abubakar Imam abin da ya yi kenan, ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turawa da na Indiya ya sa musu riga da hula ta yadda in ba an faɗa maka ba ka rantse a Hausa aka haife su. Kuma a nan Zariya aka yi aikin, na farko ya fito 1937, ni kullum na wuce ta kamfanin ɗab'i na Gaskiya sai na tuna. Nawa burin daban ne, Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja nake so a ba shi baki. Duk abin da muka sani a kansa daga bakin Alhaji na cikin labarin muka ji, wato abokin karawarsa, to wa ya taɓa jin ta bakin Zurƙe? Tun ina firamare nake jin an zalunci bawan Allahn nan, ina son in san garin da ya taso, wa ya karantar da shi, me ya raba shi da gida tun farko.

Malama Hajara:
Maman Ilham kin sosa min inda ke min ƙaiƙayi. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da Hausa, 'yan matan ajina kullum tambayarsu ɗaya ce, Malama ina matar aku? Ai dai ba daga sama Fasih ya faɗo ba. Dan Allah ki yi masa ƙanwa mai bakin tsiya wadda ta riƙa laɓewa tana sauraren darasin da ake masa har ta fi shi iyawa. Haka ma Ƙoƙi, shekara da shekaru tana haƙuri da Gizo, ya ci amana ya gudu ya maƙale a rufin ɗaki ita ke zama da yunwa, ba wanda ya taɓa cewa ga ta nan ga ta nanku ya ba da labarin daga wajenta. Abu ɗaya zan roƙe ki, kar ki cika shi da wa'azi, yaran yanzu suna jin ƙamshin nasiha za su ajiye, abin da ya riƙe mu a wancan dariya ce da son jin yadda za ta kaya, darasin daga baya yake shiga.

Baban Sadik, Kongo:
Hajiya ga ɗan abin da na sani ta fannin doka. A Najeriya haƙƙin mallakar littafi yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci, shi kuwa Imam ya rasu 1981, kin ga da saura. Karanta ma yara a gida babu komai, amma in bugawa za ki yi ko sayarwa ki fara neman izinin masu haƙƙi, kamfanin NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) da ke buga shi a nan garin yake. Gizo da Ƙoƙi da Ɓotorami kuwa na kowa ne, gadon kakanni.

Abba Samaru:
Anti ni dai in kin rubuta ki yi mana da murya ma, ƙannena ba sa zama karatu amma in aka kunna labari a waya ko motsi ba sa yi. Kuma dan Allah a sa Fasih ya je dutsen Kufena, ace can tsofaffin tsuntsaye ke taruwa suna gasar labari.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Baban Sadik ba sayarwa zan yi ba, na yara ne, amma zan bi shawararka in abin ya yi nisa. Malama ƙanwar nan ta shiga, tun da na karanta saƙonki nake jin muryarta a kunnena, ita ce ma za ta fara sauka kan rimin kafin yayanta ya iso. Abba, zuwa Kufena sai a dare na bakwai. Suna kawai ya rage min, me za mu kira ta?