Fatar wuyana ta saki: leza, RF, ko sai tiyata?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana. Shekaruna 47, al'ada ta ɗauke mini, likita kuma ya sa na rage ƙiba saboda ciwon suga. Alhamdulillah jiki ya yi daɗi, sai dai fatar ƙasan haɓata da gefen kumatu ta saki, har na koma jan mayafi ina rufe wuya in za a ɗauki hoto a biki. Tiyatar ɗage fuska kam tsoronta nake ji. Wani wurin gyaran jiki a nan Abuja sun ce suna da na'urar leza, suna da wata na'urar ɗumama fata da ake kira RF, wai duk wanda na zaɓa zai yi mini aikin tiyata ba yanka ba ɗinki. Ni baƙa ce sosai. Wadda ta sani ta taimaka mini kafin in zuba kuɗina.

Anti Nas: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Maganar cewa daidai suke da tiyata ba gaskiya ba ce, ki ajiye ta gefe. A tiyata likita yana jan naman da ke ƙarƙashin fata, ya yanke rarar fatar ya ɗinke, shi ya sa aikin kan kai wajen shekara 10. Na'urorin nan kuwa zafi suke turawa cikin fata don kolajin, wato zaren da ke riƙe ta, ya tsuke kamar yadda ganda ke tsukewa in ta ji wuta, sannan jiki ya saƙa sabo a hankali cikin wata 3 zuwa 6. Canjin matsakaici ne, yakan riƙe shekara 1 zuwa 2, sai a maimaita. Ki tsunkuli fatar wuyan ki gani. In ɗan sassautawa ne ta yi, za ki amfana. In kuwa har reto take yi, babu na'urar da za ta cinye rarar.

Batun baƙar fata shi ya fi damuna. Leza haske ce, kuma sinadarin da ke ba fatarmu launi yana shan hasken leza da yawa. Ita kuma leza ta CO2 saman fata take ƙonewa, a jikinmu tana yawan barin baƙin tabo mai ɗaukar watanni bai goge ba, wani lokaci farin dabbare. Wadda likitocin fata suka fi natsuwa da ita gare mu ita ce Nd:YAG mai lamba 1064. RF kuwa ba ruwanta da launi, da igiyar lantarki take ɗumama can ciki. Thermage, wadda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ita tun 2002, irinta ce. Akwai kuma Ultherapy mai aiki da igiyar sauti, an amince da ita don wuya da ƙasan haɓa a 2012. Ba a yi wa mai ciki RF, haka wanda aka sa wa na'urar daidaita bugun zuciya. Ke kuma mai suga, sai sugan ya daidaita, don ƙuna ba ta saurin warkewa a jikinku.

Maman 'yan biyu: Ni na yi RF a wurin likitan fata. Akwai zafi mai ratsa ƙashi a gefen muƙamuƙi, amma ana iya jurewa, fuska ta ɗan yi ja, washegari na fita aiki. Layin haɓata ya ɗan fito, hoda ta fi zama. Amma fa ko ƙanwata ba ta lura ba sai da na faɗa mata. Na ji daɗinsa saboda tun farko likitar ta gaya mini iya abin da zan samu.

Hajiya Babba: Ƙanwata, ki tambaye su sunan na'urar da sunan wanda zai riƙe ta, kuma ko likita ne mai rajista da MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya. Ki ce su nuna miki hotunan masu irin launinki, ba na Turawa da aka kwaso a intanet ba. In hujin kunnenki ya taɓa yin tsiron tabo, ki guji RF mai allurai irin su Morpheus8. Sannan ki yi shawara da maigida, ki kuma ji ta bakin malamai don zuciyarki ta kwanta.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Na tsunkula Anti, ba ta kai ga reto ba. Ina shafa wani man haɗi da ake kawo mini don ƙyalli, ba takarda a jikin robar. Zai hana?

Anti Nas: Wannan ne ma farkon abin dubawa. Da yawa daga cikin haɗin nan akwai maganin sitiroyid irin clobetasol, ko kuma hydroquinone mai haska fata, a ciki. Sitiroyid yana sirantar da fata, yana hana jiki saƙa kolajin, ke nan yana rusa abin da za ki biya kuɗi a gina, kuma siririyar fata ta fi saurin ƙonewa. Kada ki yanke shi dare ɗaya in kin daɗe a kansa, fuska na iya yin bore da ƙuraje da ƙaiƙayi. Ki ɗauki robar ki kai wa likitan fata, asibitocin koyarwa suna da sashen, ya tsara miki yadda za ki janye. Ki fara shafa man kariya daga rana mai lambar ƙarfin kariya SPF 30 ko sama kullum. Sai fatar ta dawo hayyacinta sannan a yi maganar RF.