Me ke kai 'yan mishan kotu a Aljeriya da Maroko?

Ɗan Garwa:
Jama'a, ana yawan jin an kama 'yan mishan a arewacin Afirka. Addinin ne laifin, ko wa'azin?

Baba Marwa:
Wa'azin ne, ɗana. A Aljeriya akwai doka mai lamba 06-03 ta 2006. Duk wanda ya ja hankalin Musulmi ya bar addininsa, ɗaurin shekara 2 zuwa 5 ne, da tarar dinari 500,000 zuwa miliyan 1. Inda mutane ke faɗawa rami shi ne takardu: bugawa ko ajiyewa ko raba littattafai da faifai da wannan nufi, duk hukuncin ɗaya ne. Linjila ɗaya a jaka wani abu ne, kwali cike da kwafin Larabci a bayan mota kuwa hujja ce a hannun mai gabatar da ƙara. Ibadar jama'a ta waɗanda ba Musulmi ba ma sai a ginin da hukuma ta amince, ba falon gida ba.

Hajiya Ngaundere:
Maroko sashe na 220 ne na dokar laifuka, wata 6 zuwa shekara 3. Ya ambaci amfani da talaucin mutum, ko makaranta, asibiti da gidan marayu, don jan Musulmi ya bar addininsa. Amma baƙo galibi korarsa ake yi, kamar ma'aikatan gidan marayun Ain Leuh a Maris 2010.

Ɗan Kuseri:
A ƙara da biza. Wanda ya shiga da ta yawon buɗe ido ya hau mumbari, ya saɓa sharaɗin zamansa tun kafin a duba abin da ya faɗa.